Tsohuwar motar rimot da aka tsinta a akwatin kawu: ta ina za a fara gyaranta?

Wani ƙanenmu daga Marwa ta ƙasar Kamaru ya aiko da tambaya. Ya ce suna kwashe kayan kawunsa marigayi sai suka ci karo da wata motar wasa ta tsere a ƙasan akwatin ƙarfe, baƙa, tsawonta ya kai kamu ɗaya, an rubuta Tamiya da Hornet a jikinta, ga rimot ɗinta mai doguwar eriya, ga wani kunshin batir da ya yi farin gari. Kawun ya zo da ita ne daga Faransa lokacin da yake karatu. Ya ce yaran gida sun matsa a sa mata batir a gani, shi kuma yana so ya san ko za ta gyaru, da kuma inda zai fara.

Allah ya jiƙan kawu, ya sa ya huta. Ƙanena, za ta gyaru, amma kafin komai ka ɗauke ta daga gaban yaran nan ka kulle. Kada a sa mata wuta, ko da na minti ɗaya ne. Na shafe shekaru ina gyaran rediyo da talabijin a nan Garwa, irin waɗannan motoci kuma sun sha ratsawa ta teburina, yawanci daga shagunan burokant, wato na kayan gwanjo. Waɗanda suka mutu murus a hannuna, kusan dukkansu wani ne ya riga ni “gwada su”.

Abin da ke hannunka ba irin motocin roba na kasuwa ba ne. Tamiya kamfanin Japan ne da ke birnin Shizuwoka, ya fitar da Hornet a 1984, shekarar da ya fitar da ’yar’uwarta Grasshopper. Shasinsu kusan ɗaya ne, sai dai Grasshopper da ƙaramin inji mai lamba 380 take zuwa, Hornet kuma da babba mai lamba 540. A wargaje ake sayar da su cikin kwali, mai saye ne zai zauna ya harhaɗa da sukundireba. Wato kawunka ne da hannunsa ya ɗaure kowane noti da kake gani. Amfanin wannan a gare ka shi ne duk abin da aka ɗaure da hannu zai kwantu da hannu, ba kamar motocin Nikko da Tyco na wancan zamani ba, waɗanda komai nasu yake kan allon wuta guda. Wata sa’ar kuma, kamfanin ya sake buga Hornet a 2004, don haka kayan gyaranta suna nan ana sayarwa. Ta asali lambarta 58045, sabuwar 58336. Ka rubuta lambobin nan, da su za ka nemo littafin haɗa ta a intanet, da su kuma za ka yi odar kaya.

Ga abin da nake so ka riƙe a duk aikin nan: kayan wuta ba su ne abin tsoro ba. Batir, rimot, abin sarrafa gudu, duk akwai na zamani da suka fi na da kyau da araha. Abin da ba ya dawowa shi ne robar asali da bodi da sitikokin da ke kansa. Ko a sabon bugun ma an canza wasu sunayen da ke kan sitika. Robar da ta kwana shekara arba’in a akwatin ƙarfe, a zafin Marwa da ke haura digiri 40 a watan Maris da Afirilu, ta bushe ta zama kamar ƙwaryar da ta tsufa. Da ido lafiya lau take, amma ka matsa mata kaɗan sai ka ji ƙas.

Ka fara da hoto. Ka ɗauke ta da wayarka ta kowane ɓangare, musamman yadda wayoyi suka bi da launinsu. Sannan ka nemo kwandon ƙwai ko murafen kwalba ka riƙa ware notuna, na gaba daban, na akwatin giya daban. Tsawonsu ya bambanta da milimita biyu ko uku kawai, in ka mayar da dogo a ramin gajere zai huda ya fita ta ɗaya gefen.

Notunan nan masu kan gicciye ne, amma na ma’aunin Japan, wanda ake kira JIS. Sukundireban da muka saba da shi yana shiga, sai dai ba ya zama daram, yana zamewa ya cinye kan notin. In ba ka samu na Japan ba, ka ɗauki naka ka goge tsininsa kaɗan a kan dutsen wasa wuƙa har sai ya zauna sosai, ka danna da ƙarfi, ka juya a hankali. Wajen mayarwa kuwa akwai dabarar da wani tsohon maigidana ya koya min a kan akwatunan rediyo. Notin da ke shiga roba shi yake yanka wa kansa hanya a karon farko. In ka dawo da shi ka murɗa kai tsaye, sabuwar hanya zai yanka a kan tsohuwar, ramin ya zama gari. Sai ka ɗora shi a bakin ramin, ka juya shi baya, kamar mai kwancewa, da yatsu biyu kawai. Za ka ji wani ɗan ƙit a yatsanka, notin ya ɗan nutse. Ya faɗa tsohuwar hanyarsa ke nan. Daga nan ka ɗaure, zai tafi sumul, da ya tsaya kai ma ka tsaya. Ƙarin rabin juyin nan da bakanike ke yi don “ya kama da kyau” shi ke tsaga roba.

Wanki da ruwan ɗumi da sabulun wanke kwano da tsohon buroshin haƙori kawai. Na san hannun kowane ɗan garejinmu fetur yake fara kaiwa. Ni ma na taɓa yi. Wata mota aka kawo min mai bodi fari-fari, maiƙo ya bushe a cikinsa, na jiƙa tsumma da fetur na goge, ya yi fes, na ajiye na tafi sallar la’asar. Da na dawo sai na tarar da wasu siraran layuka sun bazu daga kowane rami kamar saƙar gizo-gizo. Ina ɗagawa gefe guda ya ɓalle a hannuna. Garin neman gira na rasa ido, kuma ba ni da bakin yi wa mai ita bayani. Fetur, tina, man birki, ruwan goge farcen mata, duk ka nisanta su da ita. Har gam ɗin nan shuɗi da ake ɗiga wa noti don kada ya kwance, yana cin irin wannan roba.

Bodin Hornet wata roba ce sirirya mai haske kamar gilashi, ta ciki ake yi mata fenti, shi ya sa take sheƙi ta waje. In fentin kawu bai ɓare ba, ka bar shi yadda yake, ko da bai yi kyau ba. Inda ya tsage, ka liƙa ɗan ƙyallen raga ta ciki da gam mai laushi irin na masu gyaran takalmi, ka fara gwada gam ɗin a wani lungu da ba a gani. Sufa gulu yana sa ta yin fari kuma ya ƙara mata gautsi. Shasin kuwa robar ABS ce, in ya tsage ana iya narka ɓarɓashin irin robar a ɗan asiton har ya zama kamar kunu, a shafa a tsagar kawai, don asiton shi ne sinadarin ruwan goge farcen da na hana, kada ya taɓa wani wuri. Wannan yana riƙewa a wurin da ba nauyi. Hannuwan tayun gaba da wurin da akwatin giya ke rataye kuwa, in sun tsage sabo za ka saya, ka adana tsohon a leda.

Yanzu batir. Wancan kunshin mai farin gari sunansa NiCd, ƙwaya shida ne a jere, kowace volt 1.2, jimla 7.2, ƙarfinsa a wancan lokaci wajen 1200 mAh. Ya mutu, kada ka wahalar da kanka. Akwai kadmiyom a cikinsa, guba ne, don haka kada a jefa shi a wuta ko a bola inda yara za su fasa shi. Farin garin nan kamar kanwa yake, mai ƙarfi, yana cin fata. Inda ya taɓa ƙarfe, a rimot ko a motar, ka ɗiga ruwan lemun tsami, za ka ga yana ’yar kumfa, ka goge, ka bi da ruwa, ka shanya sosai. Ka kuma feɗe baƙar wayar da ta fito daga batir ka duba. Sau da yawa za ka tarar jan ƙarfen ciki ya koma baƙi ƙirin har can nesa, dalma ba ta kama shi. Irin wannan waya canza ta ake yi gaba ɗaya.

Abin da zai maye gurbinsa cikin sauƙi shi ne NiMH mai ƙwaya shida, shi ma 7.2, na yanzu yana kai 3000 mAh ko fiye. Ka auna ramin batir da ke ƙarƙashin motar kafin ka saya. Sai dai kada ka yi masa caji da tsohuwar cajar kawu in ka same ta, irin mai agogon minti 15 ko wayar da ake maƙalawa a batirin babbar mota. Ba ta san batir ya cika ba, dafa shi za ta yi. Ka nemi caja mai tsayawa da kanta, ka riƙa caji da sassafe a inuwa. Akwai kuma LiPo mai ƙwaya biyu, 7.4, wanda in ya cika yake kai 8.4. Ya fi ƙarfi da rashin nauyi, amma ban cika ba wa mai gida da yara shawararsa a ƙasarmu ba. In aka zuƙe shi ƙasa da volt 3 a kowace ƙwaya ya lalace, in ya kumbura ko aka huda shi wuta yake kamawa, ba ya kuma son zama a ɗaki mai rufin kwano da rana. Wasu samari suna ciro ƙwayoyin 18650 daga mataccen batirin kwamfuta su haɗa biyu. Motar za ta motsa, amma inji 540 in ya tashi daga tsaye ko ya kafe a yashi yana jan fiye da amfiya 20, ƙwayoyin kwamfuta kuwa ba don haka aka yi su ba, zafi za su ɗauka.

Mu zo kan abin da ya sa na ce kada a sa mata wuta. In ka cire bodin za ka ga wani ɗan faranti mai layukan tagulla, da wani hannu da ke shara a kansa, da wani farin abu kamar guntun alli a bayan motar. Wannan shi ne abin sarrafa gudu na da. Wani ɗan inji mai suna sabo, wato servo da ake rubutawa a jikin kwalinsa, shi ke tura hannun, mataki uku gaba, akwai kuma na baya. A matakin farko da na biyu, wutar da ba a so ta kai ga inji sai a ƙona ta a cikin farin allin nan, wanda resista ce. Tana yin zafin da za ta tashi bororo a yatsa. Babbar matsalarsa ita ce hannun inda aka bar shi nan yake tsayawa. In batirin risiba, wato ɗan akwatin da ke karɓar saƙon rimot a cikin motar, ya yi sanyi, ko sigina ta ɗauke alhali yana kan mataki na uku, motar ta tafi ke nan. Na taɓa gwada wata a filin bayan shagona da yamma, na ba ta wuta, na saki sandar rimot, ita kuwa ko a jikinta. Ta ratsa tsakanin ƙafafun mai sayar da rake, ta tsallaka hanya, ina binta da gudu da rimot a hannu yara suna ihu, sai da ta daki bakin kwalbati ta tsaya, tayun baya suna ta juyawa, hannun gaba ɗaya ya karye. Laifina ne, batura huɗun risiba tsofaffi na bari a ciki.

Shawarata, ka kwance wannan faranti da resistarsa, ka goge su, ka ajiye tare da sauran kayan asali. Ka sa abin sarrafa gudu na lantarki, wanda ake kira ESC, na inji mai gawayi, irin injin da ke motarka. Hobbywing 1060 shi ne wanda aka fi samu, yana ɗaukar amfiya 60, yana da ɗan maɓallin zaɓar irin batir, shi da kansa yake ba risiba wuta, ka huta da batura huɗun nan da servo guda.

Rimot ɗin kuma ya danganta da abin da kake so. Ka duba bayansa ko gefensa, za ka ga wani ɗan ƙarfe mai ƙafa biyu da ake zarewa, an rubuta lamba a kansa. Kiristal ke nan, shi ke tsayar da tashar da rimot da risiba za su haɗu. Mafi yawa na 27 MHz ne, na Faransa kuma kana iya ganin 26 ko 41. Biyu ne, mai alamar TX na rimot, mai RX na risiba, lambarsu ɗaya amma ba a musanya su. Rimot ɗin yana cin batura takwas. In ka wanke wurin batir ya kawo wuta, ka zare eriyarsa har ƙarshe kafin ka daɗe da kunna shi, don barin ta a naɗe yana sa tiransistan fitar da sigina zafi. Wayar eriyar risiba kuma kada ka yanke ta don ta yi maka tsawo, tsawon nan da lissafi aka yi shi. Ni a matsayina na mai gyaran rediyo ina son waɗannan tsofaffin, komai nasu a fili yake, ana bin sa da mita. Amma in yara ne za su tuƙa, ka sayi na 2.4 GHz, ba kiristal, ba doguwar eriyar da za ta tsone wa wani ido, kuma in sigina ta ɗauke ana iya saita shi ya tsayar da mota. In za ka haɗa tsohon servo na sitiyari da sabuwar risiba, ka bi wayoyinsa uku da mita tukuna. Wasu tsofaffin, musamman na Sanwa, jerin wayoyinsu ya saɓa da na yanzu, kana sokawa sai hayaƙi. Kowane iri ka zaɓa, rimot ake fara kunnawa, shi ake kashewa a ƙarshe.

Injin da wuya ya mutu. Mabuchi ne, gwangwani mai ruwan azurfa. Ka cire shi, ka juya da yatsa, ka ba shi volt 3 daga batura biyu na tocila. In ya juya, ka tsoma shi a kofin ruwa mai tsabta yana juyawa na minti ɗaya ko biyu, za ka ga ruwan ya yi toka-toka, dattin gawayi ne ke fita. Mutane suna mamakin wannan, amma a volt 3 ba abin da zai same shi. Ka busar da shi sarai, ka ɗiga man keken ɗinki ɗigo ɗaya a kowane ƙarshen sandar, ban da wurin gawayi. ’Yan kondensan da aka liƙa a bayansa ka bar su, su ke hana tartsatsin inji shiga risiba.

A akwatin giya za ka tarar da giris ya daskare kamar tsohon man shanu, mai yiwuwa da launin toka. Tokar nan ƙaramin giyan da ke kan inji ne, mai haƙora 18, na alminiyom, yake cinyewa a hankali, garinsa ya gauraya da giris ya zama abin wasa wuƙa. In haƙoransa sun yi tsini kamar na zarto, ka sayi na ƙarfe mai ma’aunin 0.8. Ka wanke komai, ka shafa giris na silikon kaɗan, kamar ƙwayar gero a kowane giya. Sai bushin na roba da tayu da sanduna ke juyawa a kansu. Wannan ne canjin da ya fi kowane amfani: ka maye su da boris mai milimita 5 a ciki, 11 a waje, kauri 4, ana rubuta shi MR115, Tamiya kuma na kiransa 1150. Ka ƙirga nawa kake bukata, akwai ƙarami guda a cikin giya. Ka zaɓi mai murfin roba saboda ƙurarmu. Duk wani abin da ke waje yana motsi, kamar hannuwan gaba da sandunan sitiyari, ka bar shi a bushe. Giris a waje da ƙurar hunturu in suka haɗu, cin robar suke yi.

Shokan baya masu mai ne, ’yan zoben robar ciki sun bushe tabbas, ka canza su ka zuba man silikon. Tayu in sun tsattsage ba su da magani. Na asali ka wanke ka ajiye a leda a inuwa, ka ɗora motar a kan guntun katako in za ta daɗe a ajiye don kada su baje.

Ka tara duk abin da kake bukata a takarda ɗaya ka yi oda sau guda, ko ka ba wani mai zuwa Duwala, Yola ko Kano saƙo, don kuɗin kawowa yakan fi kuɗin kayan. In aljihu ya yarda, ni da zan sayi sabon bodi ma, a riƙa tsere da shi, na kawu a ɗora shi sai ranar da za a nuna wa baƙi.

Ranar gwaji ka ɗora ta a kan bulo tayu suna lilo, ka tabbatar gaba gaba ne, dama dama ce, in ka saki sanda tana tsayawa. Murfin batirin da ke ƙasa ya saba faɗuwa in ta yi tsalle, ka ɗaure shi da tef. Na san zuciyarka za ta raya maka yashin kogin Mayo Kaliyawo in ya bushe da rani, amma tayun baya kawai ke jan ta, a yashi mai laushi tonawa za ta yi ta zauna, inji ya yi ta ƙuna. Ka nemi fili mai tauri, irin na ƙwallon unguwa bayan la’asar. Ka yi minti biyar ka tsaya ka ɗora yatsa a kan injin. In ba ka iya ƙirga biyar yatsanka na kai ba, ka bar ta ta huce, ka duba ko wani abu na riƙe tayu. Za ka ga bayanta na tsalle-tsalle kamar ɗan akuya, akwatin giya na buga shasi ƙwas in ka ba ta wuta. Haka Hornet take tun tana sabuwa, kada ka sake kwance ta kana neman laifi. In ka buɗe ka ga wani abin da bai yi kama da wanda na kwatanta ba, ka turo hotonsa kafin ka taɓa shi.